Ire-iren Ɗinkin Keke da Amfaninsu

1.0 Gabatarwa

Daga shagunan telolin Na'ibawa zuwa masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, keken ɗinki na ciyar da gidaje da dama a Kano. Kowane irin ɗinki da aikinsa, kuma telan da ya sa wani a gurbin wani ya ɓata yadin mutane.

2.0 Ire-iren Ɗinki

(a) Miƙaƙƙen ɗinki: Zaren allura da na ƙoshiya ne suke sarƙewa a cikin yadi. Da shi ake haɗa riga da wando, a kuma yi kalmasa. Shi ne ɗinkin baƙin keken ƙafa irin su Butterfly.

(b) Zigizag: Allura tana kai-komo dama da hagu. Ya dace da yadi mai talewa, domin ba ya saurin tsinkewa. Idan an matse shi, da shi ake ɗaure bakin ramin maɓalli.

(c) Wibin: Keke na musamman mai zare uku ko huɗu yakan datse gefen yadi ya naɗe shi, don kada ya zazzare.

(d) Ɗinkin sarƙa: Zare ɗaya ne yake sarƙe kansa. Da shi ake rufe bakin buhu a masana'antu, saboda ja ɗaya yake warware shi.

3.0 Kammalawa

Wajibi ne malami ya shiga aji da ƙyallayen da ke ɗauke da waɗannan ɗinkuna. Ɗalibin da ya taɓa ɗinki da hannunsa ba zai manta sunansa ba.

Auna Fahimta

Me ya sa ba a haɗa wando da ɗinkin bakin buhu?