Jiragen Sarki Filibus

Ya ɗan'uwa, ka taɓa jin sarakuna biyu suna yaƙi, kowa yana cewa Allah na wajensa? A 1588 Filibus na Biyu, Sarkin Sifaniya, ɗan Katolika, ya aika jiragen ruwa wajen 130 su tuɓe Alisabatu, Sarauniyar Ingila, 'yar Furotesta. Akwai batun kuɗi kuma, gama mutanenta suna washe masa azurfa a teku. A Kale, bakin tekun Faransa, mutanen Ingila suka tura musu jirage takwas masu cin wuta da dare, suka warwatse. A hanyar gida hadari ya farfasa da yawa. Furotesta suka ce Allah ne ya busa iska. Amma kada ka yi saurin murna. A 1589 Ingila ta kai nata hari Sifaniya, ta komo da hasara, dubban mutanenta sun mutu.