Darasi: Mai Keke Ma Yana Da Haƙƙi A Kan Titi

'Yan'uwa manoma, tun da man fetur ya yi tsada a shekarar 2023, da yawa daga cikinmu sun sauko da kekunan da suka rataye, sun sa musu sabuwar taya. Da keke muke kai buhun taki gona, da shi muke kai wake da gyaɗa kasuwa. Mu na Kankiya da Kusada ba mu da makawa sai mun hau babban titin Kano zuwa Katsina, ko a Yashe, ko a Gidan Mutum Ɗaya, inda tirela da bas ke wucewa dare da rana.

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane, wai titi na mota ne, mai keke ɗan raɓe ne. Ba haka doka ta ce ba. Keke abin hawa ne da doka ta san da shi. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ambace shi da sunansa, ya ce ba da lasin keke da amalanke da baro aikin ƙaramar hukuma ne. Dattawanmu sun tuna lambar keke ta zamanin En'e. To, duk wanda ya tare ka a hanya yana neman kuɗin keke, tambaye shi cikin ladabi wace hukuma ta aiko shi, ka kuma nemi rasit.

Sai dai raina mai keke ba a ƙauye kaɗai yake ba. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, yana ta kiran jama'a su koma hawan keke. Shi kansa ya hau nasa zai tafi taron majalisar ministoci a Abuja, bas ta ture shi cikin lambatu. In an yi wa minista haka, ina ga mai ɗauke da buhun dawa?

Namu aikin shi ne kada mu ba da ƙofa. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mu bi gefen dama, mu da motoci muna fuskantar waje ɗaya. Wasu suna bin hagu wai don su riƙa ganin motar da ke zuwa. Wannan dabarar mai tafiya a ƙasa ce. Mai keke in ya yi ta, ranar da aka yi karo shi za a ba rashin gaskiya. Birki ya kama, a miƙa hannu kafin a juya, a sa fitila bayan magariba. Karan dawa da aka ɗaura a gicciye yana mai da keke faɗin amalanke, gara a yi sawu biyu.

Idan tsautsayi ya auku, a fara da ran mutum. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ita ce 122. Wani ya rubuta lambar motar da sunayen shaidu, ko ya ɗauki hoto da waya kafin a kawar da keken.

A caji ofis ake yawan yin asara. Ɗan sanda ɗan Adam ne, ba kowanne ne ya karanta abin da doka ta ce game da keke ba, wani kuma ya taso da tunanin nan na cewa titi na mota ne. Sai ka ji an ce, ku je ku sasanta. Sulhu alheri ne, amma kada a yi shi kafin a rubuta rahoto. Doka ta tilasta wa kowace mota yin inshorar da za ta biya wanda ta ji wa rauni, kuma kamfanin inshora zai nemi rahoton 'yan sanda. In na kan tebur bai saurare ku ba, ku nemi ganin DPO, ba tare da ɗaga murya ba. Kada wanda aka buge ya je shi kaɗai.

A taronmu na gaba, kowace ƙungiyar gama kai ta zaɓi mutum biyu masu iya rubutu waɗanda za su riƙa yin wannan rakiya. Kowa kuma ya zo da kekensa, za a duba birki da fitila.