Farashin gobe ba ya hasasuwa, amma girgizarsa fa?

Duk shekara sai an samu 'yan ajin ƙarshe a sashen ƙididdiga ko na harkar banki da suka ɗauki furojet a kan "hasashen farashin hannun jari". Kafin ka kai wa malaminka wannan take, ɗan'uwa, tsaya ka raba abubuwa biyu.

Na farko shi ne riba, wato canjin farashi cikin ɗari. Hannun jarin da ya tashi daga naira 100 zuwa 102 ya ba da kashi 2. Shin gobe hawa zai yi ko sauka? Nan kam lissafi ba ya taɓuka abin kirki. Tun 1900 Louis Bachelier ya rubuta kundin digirinsa a Faransa yana kwatanta motsin farashi da tafiyar da ba ta da alƙibla. Dalilin a fili yake: da an san zai hau gobe, da yau ɗin nan kowa ya saye, farashin ya riga ya hau.

Na biyu shi ne girgiza: yaya girman motsin zai kasance, ko sama ko ƙasa? Wannan yana hasasuwa. A 1963 Benoit Mandelbrot, da yake nazarin farashin auduga, ya lura cewa babban motsi babba ke biyo shi, ƙarami kuma ƙarami. Kamar damina ce, in hadari ya fara sai ya jera kwanaki. Robert Engle ya mai da wannan lissafi a 1982 da tsarin ARCH, ɗalibinsa Tim Bollerslev ya faɗaɗa shi zuwa GARCH a 1986, Engle ya samu kyautar Nobel a 2003.

Kada sunayen su tsorata ka. Ga wani ƙanin GARCH da bankin J.P. Morgan ya yaɗa a 1994, wanda za ka iya yi a Excel. Ka ninka girgizar yau da kanta, ka ɗauki 0.94 nata. Ka ninka ribar yau da kanta, ka ɗauki 0.06 nata. Sai ka haɗa. Misali, kasuwa na motsi da kusan kashi 1 a kullum, yau kwatsam ta faɗi da kashi 4. To 0.94 sau 1, a tara da 0.06 sau 16, ya ba da 1.9. Lambar da za ka ninka da kanta ka samu 1.9 ita ce kusan 1.38. Ke nan hasashen girgizar gobe ya tashi daga kashi 1 zuwa 1.38, kuma in kasuwa ta lafa zai riƙa sauka a hankali. Ka lura, da hawa ta yi da kashi 4 ma amsar ɗaya ce, don ninkawar ta haɗiye alamar. Wannan rauni ne, tunda a kasuwannin hannun jari faɗuwa ta fi hawa tayar da hankali.

Inda na fi so ka yi hattara shi ne canjin naira, don shi ɗalibai suka fi rububi. Shekaru da dama Babban Bankin Najeriya na riƙe da farashin hukuma. In ka zuba waɗannan alƙaluma a GARCH, zai ce maka lafiya lau, girgiza kusan babu. Ranar 14 ga Yunin 2023 aka saki farashin, dala ta tashi daga kusan naira 470 zuwa sama da 600 a yini guda. Ba kasuwa ce ta kwanta ba, danne ta aka yi, tsarin kuwa bai san da shawarar da ake yankewa a Abuja ba.

Saboda haka in naira za ka yi, ka raba alƙalumanka gida biyu, kafin wannan rana da bayanta. Sannan ka ɓoye watannin ƙarshe, ka gina tsarin da sauran, ka gwada shi a kan waɗanda bai taɓa gani ba. A ranar kare furojet, wannan ce tambayar da mai jarrabawa na waje zai iya fara jefo maka.