Nasiha ga Ɗana Mai Niyyar Hawan Zugspitze

 Labari ya iso mini cewa kai da abokan karatunka a Munich kun ƙulla niyyar hawan dutsen Zugspitze idan an yi hutu, kuma tunda babu mai mota a cikinku, jirgin ƙasa za ku bi. Ban ga laifin wannan niyya ba, domin tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wanda Allah ya kai ƙasar mutane ya yi shekara da shekaru bai san ko'ina ba sai ɗakinsa da ajinsa, ya yi wa kansa ƙwauron alheri. Sai dai ka ara mini kunnenka kaɗan, domin abin da nake jiye maka a wannan tafiya shi ne sauƙinta, kuma sauƙi ya fi wahala saurin ruɗin mai ƙuruciya.

Dutsen nan shi ne mafi tsawo a duk ƙasar Jamus, mita 2,962, yana cikin tsaunukan Alps, kuma iyakar Jamus da Ostiriya ta bi ta kansa. Daga babbar tashar Munich za ka hau jirgi, ku wuce ta gefen tafkin Starnberg da garin Murnau, kafin awa ɗaya da rabi ta cika kun sauka Garmisch-Partenkirchen, garin da yake kwance a gindin tsaunukan. Kusa da tashar akwai wani jirgin, mai haƙora a ƙarƙashinsa da yake kama layin dogo da su don kada ya zame a hawa, wanda aka gama aikinsa a 1930. Yana bi ta Hammersbach da Grainau da tafkin Eibsee, sannan ya shige rami a cikin dutsen ya fito can sama kusa da ƙanƙara. Daga Eibsee kuma akwai motar igiya, ɗaki ne na gilashi rataye a igiyar ƙarfe, wadda aka buɗe sabuwarta a ƙarshen 2017, tana ɗaga mutum kusan mita 2,000 cikin minti goma. Saboda haka mutum yana iya karya kumallo a Munich, kafin azahar yana tsaye a ƙololuwa da takalmin da yake zuwa aji da shi.

Idan kallo kawai kuke so, ku hau motar igiyar, ku ga ikon Allah, ku sauko lafiya, babu abin kunya a ciki. Amma tunda na ji da ƙafa kuke nufi, to ka sani cewa jirgin da ya kawo ka gindin dutse bai rage wa dutsen tsawo ko da taku ɗaya ba. Garin da za ku tashi yana kan mita 700 ne ko kusa da haka, saboda haka abin da ya rage wa ƙafarka ya haura mita 2,200 na hawa. Mutumin da aka fara rubuta sunansa a kan wannan hawa shi ne Josef Naus, hafsan soja mai aikin awon ƙasa, a watan Agustan 1820, kuma shi ma bai tafi shi kaɗai ba, da mataimakinsa da ɗan jagora ya tafi. Idan mai sana'ar sanin ƙasa ya nemi wanda zai nuna masa hanya, ban ga dalilin da ɗalibi zai ji nauyin tambaya ba.

Hanyar da nake so ku bi ita ce ta kwarin Reintal, wadda Naus ma ya bi, domin ita ce mafi tsawo amma ita ce mafi rangwame ga sabon shiga. Tana farawa daga filin wasan tsalle a kan ƙanƙara da aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1936, kuma bas ɗin cikin gari yana kai mutum can daga tasha. Ba za ku yi nisa ba za ku shiga kwazazzabon Partnach, mai tsawon mita 700, inda aka sassaƙe hanya a jikin dutse, bango ya miƙe dama da hagu har sama ta zama siririyar tsaga. Ruwa yana ɗiga daga sama ya jiƙa maka kafaɗa, kogi yana ruri a ƙasa har ba ka jin maganar wanda yake gabanka, ƙarfen da kake riƙewa kuma sanyi ƙalau ko da a tsakiyar Agusta ne. A nan za ka fara gane amfanin rigar ruwan da ka yi ta ganin ta cika maka jaka. Bayan nan sai doguwar tafiya a gefen kogin, cikin itatuwa, har zuwa masaukin Reintalanger, daga can hanya ta miƙe sama zuwa masaukin Knorr da yake sama da mita 2,000.

Duka tafiyar ta kai kilomita 20 da ɗoriya, kuma masu ƙarfi sukan yi awa takwas zuwa goma a kanta. Na san jinin ƙuruciya zai ce a yi ta a yini ɗaya, a kama jirgin farko a dawo a na ƙarshe, a tsira da kuɗin kwana. Ɗana, kada ka yarda da wannan lissafi, domin kuɗin gado na dare ɗaya bai kai darajar gwiwarka ba, balle ranka. Ku raba tafiyar kwana biyu, ku nemi wurin kwana tun da sauran makonni, saboda masaukan nan suna cika a lokacin hutu. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Jamus, wadda aka kafa tun 1869, ita take da su, kuma ɗan ƙungiya yana samun ragin kuɗin kwana da inshorar ceto. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Idan kun isa masauki, ka tuna cewa kai baƙo ne, kuma da halinka za a auna mutanen da ba su taɓa zuwa wurin ba. Za ka ga ɗaki a bakin ƙofa cike da takalma a jere a kan kanta, masu laka da masu ƙura, nan za ka cire naka kafin ka shiga ciki. Ka zo da zanen kwana naka, ka riƙe kuɗi a hannu don ba ko'ina kati yake aiki ba, ka rubuta sunanka da inda ka nufa a littafin masaukin, domin da shi ake fara neman mutum idan an ji shiru. Da ƙarfe goma na dare kowa yake yin tsit, saboda haka hira da dariya su ƙare kafin nan. Sharar da ka tara ka sauko da abarka. Ka tambayi abin da yake cikin miya cikin ladabi, domin naman alade yana da yawa a girkinsu, kuma ka yi guzurin dabino da gyaɗa da burodi. Sallarka kuwa, ka san sauƙin da aka yi wa matafiyi, ka nemi gefe mai tsabta inda ba ka tare wa kowa hanya ba. Mai masaukin shi ne idon dutsen, yana ganin gajimare kullum, saboda haka in ya ce gobe ba ranar hawa ba ce, ka ji maganarsa kamar daga bakina ta fito.

Abin da ya fi damuna shi ne yanayi. A kowane mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri shida, kenan ranar da ake yawo da ƴar shara a cikin gari, a ƙololuwa sai da rigar sanyi da safar hannu, ga iska kuma ba a sa ta a lissafi ba. Dusar ƙanƙara tana iya sauka a can ko a watan Yuli. A Yulin 2008 an yi gasar gudu zuwa saman wannan dutse, yanayi ya juya, ruwa ya koma ƙanƙara, mutane suna sanye da kayan gudu marasa kauri, maza biyu suka rasu dab da ƙarshen hanya saboda sanyi da galabaita. Ƙarfafa ne da suka saba da wahala, amma sanyi bai duba wannan ba. Jikinmu ya san hunturu, sai dai bai san sanyin da yake tare da jiƙa da gajiya ba, wanda yake fara taɓa hankali kafin ya taɓa ƙafa, har mutum ya riƙa yanke shawarar banza yana ganin daidai yake. Tun 1900 ake da tashar auna yanayi a kan dutsen, saboda haka babu uzuri ga wanda ya fita bai duba hasashe ba. Hadari mai tsawa ya fi tasowa bayan azahar a watannin zafi, kuma mitocin ƙarshe kafin ƙololuwa igiyoyin ƙarfe ake riƙewa, wurin da ba ka son aradu ta same ka. Domin haka ku bar masauki da sassafe.

Yanzu ga inda tafiyar jirgi take da nata tarkon. Ka saba da tashar da ake jira mota ta cika, direba ya san fuskarka ya ɗan dakata maka; jirgin can yakan makara shi da kansa, amma ba ya jiran wanda ya makara. Motar igiya ta ƙarshe tana saukowa tun rana ba ta faɗi ba, kuma wanda ya ga lokaci yana ƙure masa sai ya fara sauri a daidai inda sauri yake kashewa, a kan tsakuwar da take zamewa, ga ƙafa ta mutu da gajiya. Saboda haka tun kana ɗakinka ka rubuta a takarda lokacin saukowar ƙarshe, da jirgin ƙarshe zuwa Munich, da wanda yake gabansa, kuma wanda yake gabansan shi za ka ɗauka naka. A takarda na ce, domin sanyi yana shanye cajin waya. Sannan ku tsayar da sa'a guda a tsakaninku, ku yi alkawari cewa in ta yi ba ku kai wuri kaza ba, za ku juya ko ku gangara tashar jirgi mai haƙora da take ƙasa da ƙololuwa. Alkawarin da aka yi da sanyin kai a ƙasa shi yake ceton mutum a sama, lokacin da zuciya take cewa saura kaɗan.

Za ka ji ana yabon hanyar Höllental da take tashi daga Hammersbach, kuma lallai ta fi kyan gani. Amma tana da tsallake daskararriyar ƙanƙara da hawan bango, tana bukatar hular kwano da ɗamarar igiya da ƙarafa masu tsini a ƙasan takalmi, da sanin yadda ake aiki da su. Ka bar ta sai ka koya, ko ka tafi da ƙwararren ɗan jagora. Haka nan gicciye mai ruwan zinariya da mutanen ƙasar suka fara kafawa a kan tsinin dutsen tun 1851, kowa yana son hoto a gefensa, amma guntuwar hanyarsa dutse ne da tafin ƙafa ya goge har yana santsi, ga cunkoso, ga rami a ƙasa. In ka ga layi ya yi tsawo ko ƙafarka tana rawa, ka tsaya a dandamali, ai ka riga ka iso.

Ka riƙe lambar neman agaji, 112, amma ka tuna cewa yawancin masu ceto a tsaunukan Bavariya ƴan sa-kai ne, masu iyali, da suke barin aikinsu su hau cikin hadari domin wani. Gangancinka ba a kanka kaɗai yake ƙarewa ba. Kuma ka dubi mafi rauni a cikinku, ku daidaita takunku da nasa, kada a bar kowa a baya, kada a yi wa wanda ya ce ya gaji dariya, domin kunya tana sa yaro ya ɓoye ciwo har ya faɗi. In kai ne ka fara cewa a juya, wataƙila su ji haushinka a ranar, amma za su san wanda za su sake bi, kuma irin wannan shaida ta fi hoton ƙololuwa daɗewa a jikin mutum.

Ka gaya wa wani a Munich hanyar da za ku bi da ranar dawowarku, ka kira mahaifiyarka kafin ka tashi, ka sake kiranta da zarar ka sauko, domin ba za ta runtsa ba sai ta ji muryarka. Dutsen yana nan baɗi in bana bai yiwu ba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa abin da za ka gani ya ƙara maka tsoronsa da sanin girmansa.