Sabon jirgi ko tsoho: abin lura ga mai zuwa Fadaman Mada

Baƙon da ya nufi unguwar Fadaman Mada a garin Bauchi ta sama zai sauka ne a filin jirgi na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, fiye da kilomita 20 daga cikin garin Bauchi. Tun wurin yankan tikiti ya kamata ya duba irin jirgin da zai hau.

Max Air ya yi jigila a layin Abuja zuwa Bauchi da Boeing 737 samfurin da, wanda aka daina ƙerawa a 2000. Kujerunsa uku-uku ne, yana cin kaya sosai, amma ƙararsa ta fi yawa, musamman a baya. Mai son sauƙi sai ya nemi kujerar gaba. Kamfanin Overland kuwa an san shi da ATR mai farfela, wanda ake shiga ta ƙofar baya. A cikinsa baya ce ta fi shiru, akwatin sama kuma ƙarami ne, don haka a rage jakar hannu. A 2023 kamfanin ya fara karɓar sababbin Embraer E175 masu kujeru biyu-biyu, babu mai zama a matse a tsakiya.

Mutane da yawa na tsoron tsohon jirgi, kuma da dalili. Bayan jirgin kamfanin EAS ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayu 2002, gwamnati ta hana tashin samfurinsa, BAC 1-11, ta kuma hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22. Sai dai lafiyar jirgi tana ga gyaran da yake samu a kan kari, wanda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ke sa wa ido. Inda tsufa ya fi taɓa fasinja shi ne jinkiri: ƙaramar matsala kan zaunar da jirgi har a samo kayan gyara.

Saboda haka mai ɗaurin aure ko taro ya zo da kwana guda a hannu, musamman lokacin hunturu da hazo ke hana sauka. Lambar da ke jikin jirgi, mai farawa da 5N, in an sa ta a manhajar Flightradar24 za ta nuna samfurinsa. Don shiga gari kuma, a yi ciniki da direban haya tun a filin, ko a shirya wanda zai zo tarya kafin a taso.