Kafin a Haɗa AI da GNS3, a Fara Karanta Takardar Bayani

A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, saboda matsalar 'yan bindiga. Sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido da su. Matashin da ya rayu cikin wannan yanayi ba sai an koya masa darajar sabis da data ba. Idan yana koyon aikin netwok, sauke manhajar da ba za ta yi aiki ba asara ce tsagwaronta.

Mai koyon netwok ba lallai ne ya sayi rawuta ba. Manhajoji irin su GNS3 da EVE-NG suna ba shi damar haɗa rawutoci na kwaikwayo a cikin kwamfuta, ya yi gwaji, ya ɓata, ya gyara. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP a Nuwamban 2024, masu rubuta manhaja suke ta ɗora ƙananan kayan aiki a GitHub waɗanda ke ba AI damar sarrafa irin wannan ɗakin gwaji. Mutum ya rubuta "haɗa rawuta biyu, ka sa musu OSPF", AI ya aiwatar. Wasu kayan masu kyau ne, wasu kuwa aikin dare ɗaya ne. Ana iya tantance su a waya kafin a kunna kwamfuta, ta hanyar karanta fayil ɗin README.

Abu na farko shi ne siga. GNS3 na 2 da na 3 ba hanya ɗaya suke karɓar umarni ba, na 3 sai an shiga da suna da kalmar sirri. Takardar da ta ce "yana aiki da GNS3" kawai, ba ta faɗi wanne ba, ta bar mai karatu a duhu.

Sai dai babban abin dubawa ba ma README ba ne. A tsarin MCP kowane umarni yana da ɗan bayani da aka rubuta masa, kuma wannan bayanin shi AI yake karantawa ya yanke abin da zai yi. Wato takardar tana da masu karatu biyu, mutum da na'ura. Mutum zai iya tambayar abokinsa idan bai gane ba, AI kuwa sau da yawa hasashe zai yi ya wuce. A ɗauki umarnin goge na'ura. Idan bayanin ya tsaya a "yana goge na'ura", bai faɗi ko sunanta ake bayarwa ko doguwar lambar shaidar da GNS3 ke ba kowace na'ura ba, bai kuma faɗi cewa saitin da ke cikinta zai tafi da ita ba. Ɗalibin da ya kwana uku yana saita rawuta zai iya rasa aikin da jimla ɗaya. Haka umarnin kunnawa. Rawuta takan ɗauki lokaci kafin ta tashi, kuma in ba a rubuta cewa a jira ba, AI zai tura umarni ga na'urar da ba ta farka ba, ya dawo ya ce wai an samu matsala.

Takarda mai kyau takan nuna misali guda daga farko har ƙarshe, da irin saƙon kuskuren da ake gani da ma'anarsa. Takan kuma faɗi gaskiya kan intanet: GNS3 na iya aiki ba sabis, amma AI ɗin da ke can a sabar kamfani ba zai amsa ba. Wannan kaɗai ya isa ya canza lissafin ɗalibin Safana da sai ya shiga Dutsin-Ma yake samun sabis mai ƙarfi.

Akwai kuma batun manhajar rawutar kanta. Ta Cisco tana da lasisi, ba a rabawa kyauta. Idan misalan takardar duk na Cisco ne, sai a duba ko kayan yana karɓar FRRouting ko MikroTik CHR, wanda sigarsa ta kyauta aka taƙaita wa gudu zuwa megabit 1 a daƙiƙa. Wannan ya ishi gwajin OSPF.