Wanda Bai Taɓa Cin Bashi Ba, Wa Zai Shaide Shi?

Zuwa ga Malam mai Filin Shawarwari,

 Ina rubuto maka wannan takarda daga unguwar Kabara a cikin birnin Kano, saboda wani al'amari da ya tsaya mini a rai, wanda na rasa yadda zan tayar da shi a gida ba tare da an ɗauka na fara sha'awar haram ba.

Ni tela ne, shekaruna 23. Na yi shekara bakwai a hannun maigidana, tun ina guga da ɗinke maɓalli har na iya yanka da haɗa babbar riga, kuma bayan Babbar Sallar da ta wuce ya sallame ni, ya sa mini albarka, ya ba ni keken ƙafa da almakashi. Na kama ɗan shago a bakin lungunmu, aiki kuwa yana zuwa, alhamdu lillahi, sai dai duk rigar da ke son surfani dole in kai wa masu inji, ribar ta tsaya a can. Bukatata injin surfani ce, da wanda zai riƙa ba ni shadda a Kantin Kwari in biya bayan na ɗinka.

Na je wani banki, ma'aikacin ya karɓi lambata ta BVN, ya duba kwamfuta, ya ce ba ni da tarihin bashi. Na ce masa ai ko sisin wani ban taɓa ci ba, ya ce to nan matsalar take. Na je Kwari, ɗan kasuwar da na tunkara bai ƙara a kan kalma uku ba: wa ya sanka? Abokaina sun ce in riƙa karɓar rance a manhajojin waya ina biya, wai ta haka suna ke shiga kwamfuta. Mahaifina kuwa malami ne mai karantarwa a zaure, ya sha faɗa cewa kuɗin ruwa ba zai shiga gidansa ba.

Malam, ta yaya wanda bai taɓa cin bashi ba zai sami wanda zai yarda da shi, ba tare da ya saɓa wa Allah da mahaifinsa ba?

Ɗanka,
Tela daga Kabara

AMSA

Ya ɗana. Na karanta takardarka, kuma abin da ya fi faranta mini rai a cikinta shi ne ka tsaya ka yi tambaya tun ƙafarka ba ta zame ba, domin mafi yawan wasiƙun da ke iso mana a kan sha'anin bashi sai bayan an faɗa rami ake rubuto su.

Ka sani cewa abin da ma'aikacin banki ya nema a kwamfuta ya rasa, da abin da ɗan kasuwar Kwari ya tambaya da fatar baki, abu guda ne, shi ne lamuni. Asalin kalmar Larabci ce, daga lafazin da malaman fiƙihu ke yi wa ɗaukar nauyin haƙƙin wani, harshen Bahaushe ya mai da harafinta na farko lam, kamar yadda ya yi wa larura da liyafa. Ma'anarta kuwa ta isa ta nuna maka cewa lamuni shaida ce da wasu ke yi wa mutum, ba ya iya yi wa kansa, kuma ba a yin ta sai a kan abin da aka gani. Wanda bai taɓa karɓa ya mayar ba mutumin kirki ne da ba a jarraba ba tukuna, Hausawa kuwa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne a ƙasarmu, domin tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, har zuwa lokacin da ayarin fatake ke tafiyar watanni zuwa Gwanja neman goro, kasuwancin Kano a kan bashi da amana yake tsaye, ta yadda baƙo kan sauka gidan fatoma, shi kuma ya tsaya masa a wurin masu kaya, in baƙon ya ci amana fatoma ya biya daga aljihunsa. Haka Hausawan Sabo a Ibadan suka daɗe suna sayar wa mahauta shanu bashi a kan lamunin maigida. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da ba wakilansa kuɗi su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa ya faɗaɗa kasuwancinsa, kuma babu wanda za a damƙa wa jaka sai an ga yadda ya yi da fam guda. Mafi girman misali kuwa shi ne Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda mutanen Makka suka san shi da Al-Amin tun kafin Nana Khadija ta ba shi dukiyarta ya tafi Sham, wato suna ne ya riga jari.

Abin da zamani ya sauya shi ne inda ake ajiye shaidar. A da tana cikin ƙirazan dattawan kasuwa, yau kuwa an ƙara mata littafi na biyu, wanda kamfanoni uku masu lasisin Babban Bankin Najeriya ke riƙe da shi, su ne CRC da FirstCentral da CreditRegistry, inda bankuna ke kai rahoton wanda ya karɓa, da nawa ya karɓa, da ko ya biya a kan lokaci, duka a ɗaure da lambar BVN mai alƙaluma 11 da aka ƙaddamar a 2014. Dokar rahoton bashi ta 2017 ce ke tafiyar da aikinsu. Saboda haka shafinka a wurinsu fari ne fat, farin shafi kuwa ya fi baƙi daraja nesa ba kusa ba, kada gaggawar cika shi ta sa ka zuba masa tawada.

Game da shawarar abokanka, ina gaya maka ba tare da kwana-kwana ba, ka nisance ta. Rancen manhajojin nan kuɗi ne ake ba ka a karɓi kuɗi da ƙari saboda jinkiri, wanda shi ne ainihin ribar da shari'a ta haramta, kuma mahaifinka yana kan gaskiya. Ko ta fuskar duniya ma, wa'adinsu gajere ne, ruwansu mai tsanani, ba dukkansu ke kai rahoton wanda ya biya ba, wasunsu kuma sun shahara da kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum su aika wa surukansa da malamansa saƙon tozarci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta wajabta musu rajista a 2022. Ka yi tunanin irin wannan saƙo ya faɗa wayar almajiran mahaifinka a unguwa kamar Kabara, inda Gidan Ƙadiriyya yake, inda kowa ya san ɗan wane ne kowa. Wanda ya tafi neman suna ta wannan hanya zai iya dawowa ya rasa wanda yake da shi.

To, ga hanyar da nake ba ka shawara ka bi, daki-daki.

Da farko, ka gane cewa an riga an fara ba ka lamuni ba ka lura ba, domin duk mutumin da ya ajiye maka shadda yadi goma, ya ba ka kafin alƙalami, ya juya ya tafi a kan za ka gama ranar Alhamis, dukiyarsa ya ba ka a kan maganar bakinka kawai. Kowa ya san abin da ake faɗa game da alkawarin tela a goman ƙarshe na azumi, sa'ad da kaya ke tsibi har rufi, masu su kuma na zarya da ɓacin rai. Telan da ya ƙi karɓar abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce wa mai kaya ka yi haƙuri na cika, ya kuma miƙa riga a goge a ranar da ya ambata, ya kafa wa kansa shaidar da kuɗi ba sa saye. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka riƙa rubuta sunan mai kaya, da abin da ya bayar, da saura, da ranar alkawari, da ranar da ka cika, ka tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Na biyu, ka zaɓi asusu guda a banki, ka sa duk kuɗin ɗinki ya bi ta cikinsa, ka raba shi da kuɗin cefane da na biki, domin abin da za a fara nema a wurinka in ka koma shi ne takardar shige da ficen kuɗinka ta wata shida ko shekara. Ajiya ba ta shiga littafin kamfanonin can uku, amma ita ce ke nuna wa mai duba takardunka cewa sana'ar tana da rai.

Na uku, kada ka sake zuwa Kwari kai kaɗai. Ka je ka durƙusa gaban maigidanka, wanda ya san hannunka shekara bakwai, ka roƙe shi ya kai ka wurin wanda yake saye a hannunsa, domin amsar wa ya sanka ita ce mutum a tsaye kusa da kai. In an yarda, kada ka nemi bandir, ka ɗauki yadi goma, ka sa rana, ka kai kuɗin kwana biyu kafin ranar, ka maimaita haka sau biyar ko shida, za ka ji wata rana mai kayan da kansa yana cewa ka ƙara. In kuwa larura ta gitta, ka je da ƙafarka tun ranar ba ta yi ba, da abin da ya sawwaƙa a hannu, ka nemi uzuri, saboda ɗan kasuwa yakan yafe jinkiri, abin da ba ya mantawa shi ne kashe waya da sauya hanya.

Na huɗu, ka shiga adashin teloli ko ƙungiyar gama kai mai rajista, zubin da ba zai ƙware ka ba, ka yarda ka yi ɗauka a ƙarshe a zagayen farko, don a ga cewa kana zubi ba kwaɗayin kwasa ya kawo ka ba. Kuɗin da ka ɗauka su ne za su zama kason da za ka fara ajiyewa a kan injin.

Na biyar, sa'ad da waɗannan suka kankama, sai ka nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, ko TAJBank da ya biyo baya a 2019, ka tambayi murabaha. Yadda take shi ne banki ya sayi injin ya mallake shi, sa'an nan ya sayar maka a kan farashin da ya saya da ribar da kuka sani tun ranar ƙulla ciniki, ka biya kashi-kashi, kuma jumhurun malamai sun halatta sayarwa zuwa ajali da farashi sananne. Dokar jinginar da kadarori masu motsi ta 2017 ta ba da damar inji ya zama jingina a rajistar ƙasa, ba sai mutum yana da gida ko fili ba, jingina kuwa sunna ta tabbatar da ita, tun da Manzon Allah ya yi wafati sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir. Kowane banki da nasa sharuɗɗa, ka tambaya dalla-dalla, musamman abin da ke biyo bayan jinkiri, sa'an nan ka kai wa mahaifinka takardar ya auna ta da babin ciniki na Risala kafin ka sa hannu. Da wannan ciniki ne za a rubuta layin farko a farin shafinka, kuma doka ta ba ka damar neman rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka duba, in ka ga kuskure ka nemi a gyara.

Akwai kashedi biyu da ba zan rufe ba sai na yi maka su. Kada ka ara wa kowa lambarka ta BVN ko asusunka ya karɓi bashi, ko da ɗan'uwanka ne na jini, domin sunanka za a rubuta, kuma tun daga Agustan 2020 akwai ƙa'idar Babban Banki da ke ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mai lambar. Kada kuma ka tsaya wa wani a kan abin da ba za ka iya biya ba in ya gaza. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai hankali ba ya cika cikinsa da abin da ba zai narke ba.

Na san za ka ga hanyar ta yi tsawo, watakila shekara guda ko fiye, alhali manhaja na yi maka alkawarin minti biyar. Ka tuna shekara bakwai ka yi kafin a ba ka almakashi, kuma ba ka ɗauke su asara ba. Ka fara da rigar da ke kan kekenka yanzu, ka gama ta a ranar da ka faɗa wa mai ita. Allah Ya sa albarka a hannunka, Ya tsare ka daga haram da nauyin bashi, Ya ƙara wa mahaifinka lafiya. Ka gaishe shi, ka kuma sake rubuto mana ranar da injin ya shiga shago.

Wassalam.